Iya ruwa fidda kai, amma tsere sai da agogo

Ni ɗan bakin tabki ne. A yankin Madarumfa aka haife ni, kudu da Maradi, kuma ban san ranar da na koyi iyo ba, kamar yadda ban san ranar da na koyi tafiya ba. Muna yara kullum muna cikin ruwa, a dake mu a gida, gobe mu koma. Saboda haka da aikin koyarwa ya kawo ni Yamai, na tarar da wasu magidanta suna haɗuwa da sassafe a kwamin iyo na wani otal, abin da muke ce wa pisin, sai na shiga cikinsu da taƙamata. A raina ina cewa, waɗannan ƴan birni da suka koyi ruwa cikin kwano, me za su nuna mini?

Na yi wata uku ina zuwa sau uku a mako, kuma kullum abu ɗaya nake yi: in faɗa ruwa, in yi ta kai da kawowa har in gaji, in fito in ce na yi horo. Ana nan sai aka shirya ɗan tsere tsakaninmu da wata ƙungiya, mita 100, wato tsawon pisin ɗin sau huɗu tunda mita 25 ne. Da aka busa usur na fita kamar an harbo ni. A rabin farko babu kowa gabana. A tsawo na uku hannuwana suka yi nauyi kamar an ɗaura musu buhun siminti, a na huɗu kuwa wallahi ruwa nake sha ina laluben bango. Wani dattijo mai furfura, wanda ya haura shekara hamsin da biyar, ya zo ya wuce ni a natse, ko fantsama ba ya yi. Mai riƙe da agogo ya ce na yi minti 1 da sakan 48: sakan 43 a hamsin ɗin farko, sakan 65 a na biyu.

Ina zaune bakin ruwa ina haki, dattijon ya zo ya dafa kafaɗata.

"Mushe, an ce kai malamin lakwal ne?"

Na ce, "E, Baba."

"To kana shiga aji ba ka shirya darasi ba? Ka tsaya gaban yara ka yi ta surutu har a kaɗa ƙararrawa, sannan ka ce ka koyar?"

Na ce, "Haba Baba, ai ko sufeto ba zai ƙyale ni ba."

Ya ce, "To abin da ka yi wa ruwa ke nan wata uku, ɗana. Dogon wanka ka yi ta yi."

Maganar nan ta yi mini zafi, don gaskiya ce. A makarantar horon malamai abu na farko da aka dasa mana shi ne, ba a shiga aji sai da takardar shirin darasi: me kake son yaro ya iya in an tashi, da wane mataki za ka fara, minti nawa kowane mataki zai ci, kuma ta yaya za ka gane an iya. Ga shi ni da nake sa wa ƴaƴan mutane jan biro kullum, na kasa yi wa kaina wannan lissafi. Tun daga ranar ra'ayina ya tsaya a wuri ɗaya, kuma shi nake son in faɗa wa duk baligin da ke iyo da niyyar shiga tsere, a nan ƙasar ko a maƙwabta: abin da ya fi kayar da mu rashin tsari ne. Muna kukan rashin pisin, kukan kuma yana kan hanya, amma ɗan ruwan da muke samu da kuɗinmu da guminmu ma ɓarnatar da shi muke yi, domin muna shigarsa ba agogo, ba kaye, ba manufa.

Bari in tuna mana wani labari da ya shafe mu kai tsaye. A wasannin Olamfik na Sidni, cikin Satumba 2000, an jera mutum uku a zagayen farko na tseren mita 100: Karim Bare na Nijar, Farkhod Oripov na Tajikistan, da Eric Moussambani na Ikwatoriyal Gini. Biyun farko suka faɗa ruwa kafin a ba da alama, aka fitar da su. Moussambani ya yi iyonsa shi kaɗai gaban dubban mutane, da ƙyar ya kai bango, a minti 1 da sakan 52.72. Wanda ya ci zinare a tseren, Pieter van den Hoogenband na Holan, sakan 48.30 ya yi a wasan ƙarshe. Duniya ta yi ta dariya, har yau ana yawo da bidiyon a Facebook. Abin da masu dariyar ba su cika faɗa ba shi ne, mutumin ya koyi iyo ne ƴan watanni kafin wasan, a ƙaramin pisin na otal, kuma bai taɓa ganin na mita 50 ba sai da ya isa can. Abu na biyu da ba su faɗa, bayan shekara huɗu yana horo ya sauko ƙasa da sakan 57, daga baya kuma ya zama mai horar da ƴan wasan iyo na ƙasarsa. Jiki ɗaya, mutum ɗaya, ya zubar da kusan rabin lokacinsa. Ni da na yi 1:48 ina ƙyalƙyala masa dariya, sakan huɗu da ƴan kai ne tsakaninmu.

Me ya sa ƙarfi kaɗai ba ya isa a ruwa? Domin ruwa ya fi iska kauri kusan sau 800, kuma in ka ninka gudunka sau biyu, turjiyar da yake yi maka takan ninka kusan sau huɗu. Ke nan duk wani ɗan karkace a jikinka haraji ne kake biya a kowane bugun hannu. Iyon da muka koya a tabki da gulbi iyo ne na ɗaga kai, don ka ga gaɓa, ka ga jirgi, ka ga abin da ke tahowa. Yana fidda kai, shi ya sa ba na raina shi. Sai dai da ka ɗaga kai ƙafafu sun nutse, ka zama kamar mai tura ƙofa a tsaye cikin ruwa. Mai tsere kwanciya yake yi shimfiɗe, fuska cikin ruwa, yana fitar da iska ta hanci da baki a ƙasa, ya juya gefe kaɗan ya shaƙa. Wannan ba ya zuwa da yawan gajiya. Hasali ma in ka gaji ne kake komawa tsohuwar ɗabi'arka, ka yi ta maimaita kuskure har ya zauna maka daram. Wanda ya yi wata uku yana dogon wanka, wata uku ya yi yana haddace kuskurensa.

Maganin da masu horarwa suka daɗe da ganowa shi ne yanka tafiyar gunduwa-gunduwa. Maimakon ka yi mita 1000 a jere kana raguwa kamar fitilar da mai ya ƙare mata, ka yi mita 100 sau goma, da ɗan hutu ƙayyadadde a tsakani, kowace ɗari a lokaci guda. Hutun nan na sakan 15 ko 20 yana ba ka damar riƙe gudu mai kyau da tsarin jiki mai kyau har ƙarshe, zuciya kuwa ba ta samu ta huce ba, don haka tana ci gaba da koyon aiki. A nan agogo ke shigowa. In ba ka san a nawa ka yi ɗari ta farko ba, ta yaya za ka san ta takwas ta lalace? Jiki maƙaryaci ne. Ranar da ka ji kamar kana tashi sama, agogo zai ce maka ka yi baya da sakan biyar. Ranar da ka ji nauyi, ya ce maka yau ka fi kullum. Agogon hannu na roba mai hana ruwa shiga, irin na kasuwa, ya wadatar. Mu dai agogon bango muka saya mai dogon hannun sakan, muna jingine shi kan kujera a bakin ruwa.

Tambayar da kowa ke yi ita ce, to a wane gudu zan yi ɗari-ɗarin nan? Akwai gwaji mai sauƙi da masu horarwa da yawa ke amfani da shi, kuma lissafinsa bai fi ƙarfin ɗan aji shida ba. Bayan ka ɗumama jiki, ka yi mita 400 iya ƙarfinka, a rubuta lokacin. Ka huta sosai, kamar minti goma, sannan ka yi mita 200 iya ƙarfinka, a rubuta. Ka debe na biyun daga na farkon, abin da ya rage ka raba shi biyu. Wannan shi ne gudunka na mita 100 wanda za ka iya riƙewa na dogon lokaci ba tare da ka shaƙe ba. Ni da na fara, na yi 400 a minti 8 cif, 200 a minti 3 da sakan 50. Bambancin minti 4 da sakan 10 ne, wato sakan 250, rabinsa 125. Gudun aikina ya zama minti 2 da sakan 5 ke nan. Da Baba ya ce in riƙa yin ɗari a haka sai na ji kamar ya zage ni, ni da na yi 1:48 a tsere. Ya ce in yi goma a jere tukuna sannan mu yi magana. A ta bakwai na daina jin zagin.

Ga yadda awa ɗaya take kasancewa a wurinmu, a pisin mai mita 25, don wanda ke son ya kwafa ya gyara daidai da jikinsa. Da farko mita 300 a hankali don ɗumama jiki, ana cakuɗa kurol da iyon rigingine. Sai gyaran hannu, mita 50 sau shida da hutun sakan 20: wani tsawon da hannu ɗaya, wani da dunƙulallen hannu don damtse ya koyi kama ruwa, wani kuma kana ƙirga bugun hannunka daga bango zuwa bango kana neman rage ɗaya. Sai aikin ƙafa, mita 50 sau huɗu kana riƙe da allon iyo. In babu allo, ƙaramar jarka rufaffiya tana yi. Daga nan sai uwar darasi, mita 100 sau goma a gudun aikinka, kana tashi a lokaci ƙayyadadde. Ni da nake yin 2:05, ina tashi duk bayan 2:25, ko na iso da wuri ko na makara. In na makara hutuna na ci. Bayan haka mita 25 sau huɗu da dukkan ƙarfi, daga tsalle, da hutun minti guda cur a tsakani. A rufe da mita 100 a sannu don jiki ya huce. Jimla mita 2000. Da ka fito, kafin ka sa riga, ka rubuta a kaye: kwanan wata, lokutan ɗari goman nan, da yadda kafaɗa take ji.

Wani zai ce mita 2000 wasan yara ne, manyan ƴan wasan duniya suna yin ninkin wannan sau da yawa, safe da yamma. Gaskiya ne. Amma su aikinsu ke nan, da mai dafa musu abinci da mai tausa da likita. Ni ina da aji mai yara fiye da sittin, ga kayen gyara, ga cefane, ga kuɗin kabu-kabu da na shiga pisin da ke fita daga albashi ɗaya. Magidanci da ke samun awa uku a mako ba shi da mita ko ɗaya ta zubarwa, shi ya sa ma ya fi zakaran duniya buƙatar tsari. Kwana ukun nan kuma kada su zama iri ɗaya. Rana ɗaya ta juriya, irin wadda na bayyana. Rana ta biyu ta gudu: gajerun tafiyoyi, 25 da 50, da ƙarfi sosai da dogon hutu, domin ba a koyon sauri a gajiye. Rana ta uku ta kwaikwayon tsere: in kana son yin ɗari a 1:28, ka yi ta yin 50 a sakan 44 har jikinka ya san wannan gudu ko an rufe maka ido. Duk bayan mako shida ko takwas a sake gwajin 400 da 200, a gyara lissafi. In tsere ya rage mako biyu, a rage yawan mita a bar saurin, don a isa ranar da hutaccen jiki. Na sha ganin wanda ya ninka horo a makon ƙarshe don tsoro, kamar ɗalibin da ya kwana karatu daren jarrabawa ya zo yana gyangyaɗi kan takarda. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai abu biyu da kusan duk muke tsallakewa, alhali su ne mafi arha: tashi da juyi. Dokar tsere a yau ba ta da afuwa, in ka motsa kafin alama sau ɗaya an fitar da kai, ka yi tafiyar banza ko da daga wace uwa duniya ka zo. Abin da ya faru a Sidni ya ishe mu darasi, kuma ban faɗe shi don zargin kowa ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa kan dakalin tashi zuciyarsa na dukan uku-uku ya san yadda ƙafa ke yin gaban kanta. Maganinsa maimaitawa: wani ya tsaya da usur, wani lokaci ya busa da wuri, wani lokaci ya ja, har kunnenka ya koyi jira. Juyi kuma, a tseren mita 100 cikin pisin mai mita 25 sau uku ake yinsa. In kana asarar sakan ɗaya a kowanne, ka ba da sakan uku kyauta, abin da zai ci maka watanni kafin ka samo shi ta hanyar ƙarfi. Lokacin da ka tunkuɗe bango, hannuwa miƙe a haɗe, kai a tsakaninsu, shi ne lokacin da ka fi gudu a duk tsawon. Doka ta yarda ka tafi ƙarƙashin ruwa har mita 15 a kurol da rigingine da malam-buɗe-littafi. Ba sai ka kai can ba, amma kada ka ɗago kai tun kana jikin bango. A nan ne ma ƙaramin pisin ya yi mana rana, tunda juyi ya fi yawa a cikinsa.

Yanzu ga gargaɗi, kuma ina roƙon a ɗauke shi da gaske. Akwai wata gasa ta wauta da samari ke yi, har da manya, wai wa zai fi nisa a ƙarƙashin ruwa ba numfashi. Sai mutum ya yi ta shaƙar iska da sauri-sauri kafin ya nutse. Abin da hakan ke yi shi ne kashe ƙararrawar da ke gaya wa jiki ya nemi iska, alhali iskar da ke cikin jini tana ƙarewa, sai mutum ya suma a ƙasan ruwa shiru, ba ihu ba fantsama. Gwanaye yake kashewa, don su ne ke iya jurewa har su kai wurin. A gabana aka tsamo wani abokinmu, ƙaƙƙarfan saurayi, leɓɓansa sun canza launi; Allah ya sa akwai mai kallonsa. Tun ranar muka kafa doka: babu wannan wasa, kuma babu mai shiga ruwa shi kaɗai ko da shi ne sarkin ruwa. Na biyu kafaɗa. Jikin ɗan shekara talatin da biyar ba na ɗan sha biyar ba ne, in ka ƙara mita da yawa lokaci guda ita za ta fara kuka. Ciwon da ke sukar ka in ka ɗaga hannu ba na jurewa ba ne, a tsaya a ga likita. Wanda ya haura arba'in, ko yake da hawan jini ko ciwon suga, ya fara zuwa a auna shi kafin ya shiga aikin gudu.

Yanayinmu ma sai an sa shi cikin lissafi, domin tsarin da aka rubuta a Faransa bai san hunturu ba. A gasa ta hukuma ana riƙe ruwa tsakanin digiri 25 da 28. Namu pisin ba mai ɗumama shi ba mai sanyaya shi. A Disamba da Janairu ruwan asuba yana yanka kamar reza, sai mu maida horo tsakar rana a ranakun da babu aji, mu gajarta hutu don jiki kada ya sandare. A Afrilu da Mayu kuwa ruwan kan yi ɗumi kamar na wankan jego, mutum yana zufa a ciki bai sani ba, don haka gorar ruwan sha tana bakin pisin kuma a rage aikin ƙarfi. Da azumi ni dai ba na shiga ruwa da rana. Nakan koma aikin tudu bayan sallar asham: in ɗaure tsohuwar robar cikin taya a ƙarfen taga in yi ta jan ta kamar ina iyo, in haɗa da motsa kafaɗa da ƙarfafa ciki. Bayan salla mako biyu sun isa a dawo inda aka tsaya. Masu cewa a je kogi ko tabki a yi horo kyauta, su tuna da tsargiya, su tuna da dorina, su tuna kuma ba a auna gudu a ruwan da shi kansa tafiya yake yi.

Na san abin da wasu masu karatu ke cewa a ransu: Mushe, girma ya zo, wane tsere kuma? To ku duba. Anthony Ervin na Amurka ya ci zinaren mita 50 a Sidni a 2000, ya bar iyo shekaru, ya dawo ya sake cin zinaren a Riyo a 2016 yana da shekara 35. Dara Torres ta ɗauki azurfa uku a Beijin a 2008 tana da shekara 41. Ba cewa nake za mu zama su ba. Abin da nake nunawa shi ne jikin baligi yana karɓar horo. Hukumar iyo ta duniya ma tana da gasar manya tun daga shekara 25, ana raba mutane rukuni-rukuni na shekara biyar-biyar, ɗan arba'in ya kara da ɗan arba'in. Wasu kuma za su ce iyo ba namu ba ne, na Turawa ne. Tunisiya a nahiyar nan take, kuma Oussama Mellouli ya ci zinaren mita 1500 a 2008, Ahmed Hafnaoui ya ci na mita 400 a Tokiyo yana ɗan shekara 18. Mu nan da muka ga abin da Abdoul Razak Alfaga ya yi a tekwando, azurfa a Riyo a 2016 da kambin duniya a 2017, bai kamata a ce sai an yi mana dogon bayani kan abin da horo mai tsari ke haifarwa ba.

Suka mafi nauyi ita ce ta masu cewa, ƙasa na fama da tsadar hatsi da rashin tsaro da ajujuwan zana, kai kana maganar sakan. Wannan ba zan kauce mata ba, don ni ma na koyar a ajin zana. Ban ce a ɗebi kuɗin alli a gina pisin ba. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kusan 300,000 ne ruwa ya ci a duniya a shekarar 2021, yara ne da yawa daga cikinsu, kuma mu nan ba mu buƙatar rahoto, kowace damina muna jin wanda tabki ya ci, wanda ambaliya ta tafi da shi, jirgin da ya kife. Wa zai koya wa yaran nan ruwa? Wa zai tsaya bakin gaɓa ya san yadda ake tsamo mutum ba tare da an zama gawa biyu ba? Sai baligin da ya san ruwa da ilimi. A ƙungiyarmu yanzu mutum huɗu ke koya wa yara iyo ranar Asabar, kuma duk huɗun ta ƙofar tsere suka shigo. Ƙasar da ba ta da manya masu iyo da tsari ba za ta sami malaman iyo ba.

Saboda haka roƙona kaɗan ne, kuma babu mai tsada a ciki. Masu otal, pisin ɗinku daga ƙarfe shida zuwa bakwai na safe babu kowa cikinsa sai ganye. Ku ba ƙungiyoyi wannan awa a farashi na wata mai sauƙi, ku ja igiya biyu a raba layi. Masu shirya gasa, ko sau uku ne a shekara ku sa tseren manya bisa rukunin shekaru, ku kuma buga lokutan kowa a fili, har da na ƙarshe, domin wanda bai san lokacinsa ba bai san abin da zai kora ba. Waɗanda suka taɓa wakiltar ƙasa, kada ku tafi da abin da kuka gani a waje, ku zo bakin ruwa ku riƙe mana agogo. Mu kuma masu iyo, kowa ya sayi kaye na dala ashirin ko talatin, ya rubuta darasinsa tun da dare.

Nawa kayen yanzu na uku ne. Bayan shekara ɗaya da wancan abin kunya na sake shiga mita 100, na yi minti 1 da sakan 24: sakan 40 a tafiya ta farko, 44 a ta biyu. Gudun aikina ya sauko daga 2:05 zuwa 1:50. Babu wanda zai kai ni Olamfik da wannan, na sani. Da na fito na nufi Baba ina washe baki, ya karɓi kayen ya duba, ya ce, "Madalla, Mushe. Amma juyinka na uku har yanzu kamar mai sauke kaya daga amalanke. Talata ƙarfe shida." Har yau da sakan biyu yake gabana, kuma ya ce ba zai ba ni su sadaka ba.

Allah ya tsare mu da ƴaƴanmu daga sharrin ruwa, ya ba mu albarkarsa.